LAFIYA UWAR JIKI: Ina Waken Da Kika Ci Yake Zuwa?

Wasiƙunku suna isowa, wadda ba ta ga amsarta ba tukuna ta ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanta.

Wasiƙar da na ɗauko wannan watan ta wata ƙanwata ce 'yar aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, to na rufa mata asiri. Da na fara karantawa dariya na yi, amma kafin in kai ƙarshe jikina ya yi sanyi.

Ta ce ita fa tun da aka dawo daga hutu ba ta ƙara taka ƙafarta ɗakin cin abinci ba ranar da aka dafa wake. Dalili kuwa, wata ƙawarta ce ta gaya mata wai wake ba ya narkewa a ciki, iska kawai yake zama ya kumbura wa budurwa tumbi, kuma wai nama ne kaɗai yake gina jiki, wake abincin wahala ne. Nama kuwa a makarantarsu sai a yi mako ba a ga ƙyallinsa ba, ran da aka gani ma ɗan mitsitsi ne. Shi ke nan sai ta koma jiƙa garin kwaki da sukari safe da yamma, in an zo ziyara ta ɗora da biskit da alawa. Yanzu ga shi gashinta yana bin mataji, kasala ta dame ta, tana gyangyaɗi a aji alhali jarrabawa na matsowa. Sannan ta ƙara da cewa malamin bayoloji ya koya masu darasin narkewar abinci, ta haddace sunaye tiryan-tiryan amma ba ta gane komai ba, don haka in taimaka in yi mata bayani da Hausa.

To ƙanwata, gyara zama. Ni ma na yi makarantar kwana, na san waken nan da kike gudu, har ƙwarin da ke iyo a samansa na sani. Amma ƙawarki ta yi kuskure, kuma amsar tambayarki ta farko tana cikin darasin nan da kika ce ba ki gane ba. Mu bi lomar nan tun daga baki har inda za ta tsaya.

JIGIDA MAI DUWATSU IRI ASHIRIN

Abin da ke gina jiki a cikin abinci shi ake kira furotin. Yana cikin nama da kifi da ƙwai da nono, yana kuma cikin wake da gyaɗa da waken suya da daddawa, har gero da dawa suna da nasu ɗan rabo. Jikinki kuma da shi aka gina shi. Tsokarki furotin ce, gashinki da farcenki furotin ne, jan abin nan da ke cikin jini yana ɗaukar iska furotin ne, haka su ma makaman da jiki ke yaƙar cuta da su.

Ki ɗauki furotin kamar jigida. Doguwa ce, an shirya ta da ƙananan duwatsu, sannan aka murɗe ta aka dunƙule. Waɗannan duwatsu su ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Da iri 20 ɗin nan ake shirya kowace jigida, ta saniya ce ko ta kaza ko ta wake ko ta mutum. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka jera duwatsun da kuma tsawon jigidar. A cikin 20 ɗin, jikinki yana iya ƙera 11 da kansa, amma guda 9 dole sai daga abinci za su zo.

Ga inda maganar take. Jigidar saniya ba ta shiga ƙugun mutum. Naman da kika ci ba ya tafiya kai tsaye ya manne a cinyarki, in da haka ne ai da masu cin kaza sun fito da fukafukai. Dole sai an tsinke jigidar ɗaya bayan ɗaya, duwatsun su watse, jini ya kwashe su, sannan jikinki ya sake shirya su yadda ya dace da ke. Kamar dai ki samu tsohuwar jigidar kakarki ta yi maki yawa, ki tsinke ta ki sake zarge duwatsun daidai ƙugunki.

Masu aikin tsinkewar nan su ne malaminku ya kira inzayim. Ni dai almakasan ciki nake ce masu. Kowanne da irin zaren da yake yankawa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. Almakashin da ke yanka sitaci ba ya taɓa furotin, na mai ma haka. Kuma almakashi ɗaya zai yi ta yanka sau dubbai bai ƙare ba. Wani abin mamaki, su kansu almakasan da furotin aka ƙera su. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ZANGO NA FARKO: BAKI

A baki ba a fara yankan furotin. Almakashin da ke cikin yawu na sitaci ne, shi ya sa idan kika daɗe kina tauna burodi ko tuwo za ki ji ya ɗan yi zaƙi. Amma kada ki raina aikin haƙora. Ke da kanki kin san dunƙulen nama ya fi yankakke daɗewa a tukunya. Haka abin yake a ciki, gwargwadon yadda kika tauna, gwargwadon yadda almakasan za su samu wurin kamawa. Masu haɗiyar tsire kamar ana korarsu don kada ƙannensu su gani su roƙa, ku ji da kyau.

ZANGO NA BIYU: TUMBI

Da lomar ta gangara ta maƙoshi sai ta faɗa tumbi. A nan akwai wani ruwa mai tsananin tsami, asid ne sosai, ya fi ruwan lemon tsami ƙarfi. Aikinsa uku ne. Yana kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. Yana warware jigidar nan da aka dunƙule ta miƙe, don almakashi ya ga zaren. Sannan yana farkar da almakashi na farko, wanda ake kira fefsin. Shi fefsin ba ya aiki sai cikin tsami, kuma ba ya tsinke duwatsu ɗaya-ɗaya, gutsuttsura jigidar yake yi gajeru-gajeru. Tumbin kuma yana ta murzawa yana juyawa kamar mai dama fura, har abincin ya koma kamar kunu. Wannan kan ɗauki awa 2 zuwa 4, ya danganta da abin da aka ci.

Za ki ce yaya aka yi aka san abin da ke faruwa a cikin tumbin mutum? Labarin yana da ban mamaki. A shekarar 1822, a wani tsibiri da ake kira Mackinac a ƙasar Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta samu wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Kowa ya fitar da rai da shi. Wani likitan soja, William Beaumont, ya yi ta jinyarsa har ya warke, sai dai raunin ya bar wata 'yar ƙofa da ta zarce har cikin tumbi, ba ta rufe ba. Sai likitan nan ya riƙa ɗaure ɗan yankin nama da zaren siliki yana zurawa ta ƙofar, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba yadda ya zagwanye. Har ruwan tumbin ya riƙa ɗiba yana zubawa a kwalba, ya jefa nama ciki, naman ya narke a waje. Nan aka tabbatar cewa ba murza ce kaɗai ke narkar da abinci ba, akwai wani abu a cikin ruwan. Ya buga littafinsa a 1833, sannan a 1836 wani masani Bajamushe, Theodor Schwann, ya gano abin da ke cikin ruwan ya raɗa masa suna fefsin. Shi kuwa mai ƙofa a ciki, kada ki tausaya masa da yawa, ya yi aurensa ya hayayyafa, bai rasu ba sai 1880.

Na san mai wayo a cikinku za ta tambaya: Anti, ai tumbi ma nama ne, muna cin tumbin saniya a farfesun kayan ciki kuma yana narkewa, to me ya hana tumbinmu ya cinye kansa? Madalla da wannan tambaya. Da farko dai, ba a fito da fefsin tsirara, a cikin kube ake fito da shi kamar wuƙa. A wannan hali sunansa fefsinojin, ba ya yanka komai sai ya haɗu da tsamin nan a tsakiyar tumbi sannan kuben ya fita. Na biyu, bangon tumbi a shafe yake da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi. Na uku, fatar bangon tana sabuntawa cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Idan wannan kariya ta samu matsala shi ne ake samun gyambon ciki, wato olsa. An daɗe ana ɗora laifin a kan yaji da tunani, sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi tana haddasa mafi yawansa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abu na biyu da ke kawo shi kuwa shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac. 'Yan matana masu watsa su biyu-biyu duk wata saboda ciwon mara, ba tare da an ci komai ba, ku yi hattara, ku nemi shawarar ma'aikatan lafiya.

ZANGO NA UKU: ƘARAMIN HANJI

Mutane da yawa sun ɗauka a tumbi ake gama komai. A'a, tumbi share fage kawai yake yi, babban aikin a ƙaramin hanji ake yinsa. Sunan ƙarami don siririntakarsa ne, amma tsawonsa ya kai kimanin mita 6, an naɗe shi an cusa a cikinki.

Tumbi yana sakin kunun nan kaɗan-kaɗan zuwa farkon hanjin. A bayan tumbi akwai wata 'yar doguwar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas, ba ita ce saifa ba, kada ki haɗa su. Ita ce ke tsiyayo wani ruwa cikin hanji, fiye da lita ɗaya a kullum. Abu na farko da ruwan ke yi shi ne kashe tsamin da ya biyo abincin daga tumbi. Kin san yadda ake jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ta kashe mata tsami? To kusan haka ne. Da tsamin ya mutu, fefsin ya gama nasa, sai sababbin almakasai su karɓi aiki.

Su ma a cikin kube suke zuwa, don in ba haka ba da sun cinye tsokar da ta ƙera su. A bangon hanji akwai wani ɗan mai gadi, malaminku zai kira shi entarokines, shi ke zare wa na farkonsu kube. Wannan na farkon sunansa tirifsin, kuma da ya farka sai ya bi 'yan uwansa yana zare masu nasu kuben. Daga nan sai aiki ya kankama. Tirifsin da ɗan uwansa kaimotirifsin suna yanka gutsattsarin jigidar daga tsakiya, kowanne da irin dutsen da yake yankawa a gefensa. Wani kuma mai suna kabokzifeftides yana bi daga ƙarshen zare yana cire dutse ɗaya-ɗaya. A jikin bangon hanjin akwai wasu ƙananan almakasan da ke ƙarasa abin da ya rage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe jigidar nan ta koma duwatsu ɗai-ɗai, ko biyu ko uku a haɗe. Cikin hanjin kuwa ba sumul yake ba, yana da wasu 'yan tsirarrai birjik kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse duwatsun su miƙa wa jini. Jini ya kai su hanta tukuna, ita ce ma'aji mai rabo. Daga can a aika wa kowane sashe na jiki abin da yake bukata, wannan a yi tsoka, wannan a yi jini, wannan a yi gashi, wannan a ɗinke ciwo.

To ƙanwata, ga tambaya. Dutsen da ya iso hanta, an rubuta masa a goshi cewa daga tsire ya fito ko daga ƙosai? Ko kusa. Hanta ba ta san farashin kasuwa ba. Dutse dutse ne.

Wannan ne ma ya sa masu ciwon sukari da ke bukatar insulin allura ake yi masu, ba a ba su su haɗiya. Insulin furotin ne, in ya bi ta ciki almakasan nan za su daddatsa shi kamar yadda suke yi wa nama. Haka kuma mai cin ganda don wai fatarta ta yi sheƙi, ki ci don daɗi, amma ki sani ganda ba ta zama fata kai tsaye, tsinke ta za a yi kamar kowa. Hasali ma duwatsunta ba su cika ba, ƙwai ɗaya ya fi ta amfani.

GASKIYAR MAGANA A KAN WAKE

Ba zan ɓoye maki ba, ƙawarki tana da 'yar gaskiya a wuri biyu. Na farko, furotin ɗin nama da ƙwai da nono ya fi saurin narkewa, fiye da kashi 90 cikin 100 jiki ke ɗauka, na wake kuwa wajen kashi 80 ne idan ya dahu sosai. Nama kuma yana da sinadarin ƙarin jini da jiki ya fi saurin karɓa. Don haka ran da aka samu nama a ci, ban ce a ƙi ba. Amma kashi 80 ina, ba ya narkewa ina?

Na biyu, maganar iska. E, wake yana sa iska, sai dai ba furotin ɗinsa ne ke kawo ta ba. Akwai wani irin sukari a cikin wake da jikin ɗan Adam ba shi da almakashin yanka shi. Sai ya wuce salin-alin zuwa babban hanji, ƙananan halittun da ke zaune a can su yi biki a kansa, bikin nan nasu shi ne iskar. Ba cuta ba ce, kuma ba ta mayar da mace mai tumbi, ta wuce ta wuce ke nan. A gida maganinta sauƙi ne: a jiƙa waken ya kwana ko ya yi wasu awoyi, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa har ya yi luguf. Wadda ta saba ci a kai a kai kuma cikinta yakan saba, abin ya ragu.

Dahuwar nan tana da wani muhimmanci. Ɗanyen wake da ɗanyen waken suya suna ɗauke da wani abu da ke riƙe wa tirifsin hannu ya hana shi yanka. Wuta ce ke kashe shi. Don haka wake mai garas-garas da garin waken suyan da ba a soya ko an dafa shi sosai ba, asara ce. Haka ƙwai. Masu fasa ɗanyen ƙwai a madara ko a lemon kwalba wai don ƙarin jini ko ƙiba, ku saurara: wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna dafaffen ƙwai jiki na ɗaukar wajen kashi 90 cikin 100 na furotin ɗinsa, ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ga kuma haɗarin ciwon ciki. Wuta tana warware jigidar tun a tukunya, ta rage wa tumbi aiki.

Sai maganar duwatsun nan 9 da dole a samo su daga abinci. Hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin wani dutse mai suna laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, hatsi kuwa suna da shi. In an haɗa su sai kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Yanzu ki duba abincinmu na gado: shinkafa da wake, koko da ƙosai, fura da nono, kunun gyaɗa, tuwo da miyar da ta ji daddawa, alala da kunu. Kakanninmu ba su shiga ajin bayoloji ba amma sun haɗa daidai. Ga shi kuma Nijeriya ce kan gaba a duk duniya wajen noman irin waken nan namu, Nijar na biye da ita. Abin da muke da shi a rumbu shi muke rainawa.

Bari in ba ki lissafi. Babban mutum yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mace mai kilo 50 ke nan tana neman wajen giram 40, mai tasowa irinki da mai ciki da mai shayarwa kuwa sun fi haka. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da wajen giram 13. Ƙwai ɗaya giram 6. Gyaɗa cikin tafin hannu wajen giram 7. Kofin nono wajen giram 8. In kika haɗa da abin da ke cikin tuwo da burodi, kin ga kin kai ba tare da kin ga mahauci ba. Garin kwakin da kika maƙale wa kuwa, a giram 100 da ƙyar a samu giram 2. Cika ciki yake yi kawai.

Kuma ki sani jiki ba shi da rumbun ajiye furotin kamar yadda yake ajiye kitse. Wanda ya yi rara, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da dattinsa ta fitsari. Wato naman Sallah da kika ci har kika kasa tashi ba zai yi maki aikin watan gobe ba. Kullum sai an kawo sabo. Ran da ba a kawo ba, jiki ba ya jira, sai ya shiga tsinke jigidar tsokarki yana biyan bukatun da suka fi gaggawa, gashi da farce kuwa su ne na ƙarshe a layin rabo.

GA UWAYEN GOBE

Na ce ki riƙe maganar cewa su almakasan da furotin ake ƙera su. Ga inda take da ban tsoro. Yaron da ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki, har almakasan cikinsa raguwa suke yi, bangon hanjinsa ya lalace, ɗan abin da ya ci ma ya kasa narkewa yadda ya kamata. Rashi ya jawo rashi.

A shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana ta yi rubutu a kan wata cuta da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. A 1935 ta fito da sunan da mutanen Ga na Ankara suke kiranta da shi, kwashiyoko, wato ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙane. Alamunta kumburin ƙafafu da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ya yi shiru ba walwala. Yau likitoci sun gane ba rashin furotin ne kaɗai ke kawo ta ba, cututtuka irin su ƙyanda da gudawa da rashin sauran sinadaran abinci duk suna da hannu. Amma farkon hanyar dai ɗaya ce, yaye da koko tsura.

Don haka ke amarya, ke kuma mai shirin zama amarya, ki riƙe wannan. Nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a fara ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kokon yaro a sa masa gyaɗa ko soyayyen garin waken suya ko madara, a ba shi alala da dafaffen ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya. Maganar wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ku bar ta inda kuka ji ta, cikin girmamawa. Kuma idan ana rabon naman miya a tuna da ƙananan, maigida ya gama girma, su ne suke kan ginuwa. In kuwa kika ga ƙafar yaro ta kumbura, kika danna wurin ya lotsa bai taso ba, ba ƙiba ba ce, a tafi asibiti ranar, kada a kwana.

GWAJI A MADAFA

Wadda take son ta ga aikin almakasan nan da idonta, gani ya kori ji. In kin je hutu ki samu nama mai tauri ki raba biyu. Rabi ki naɗe shi a ganyen gwanda da kika ɗan murza, ko ki shafe shi da ruwan ɗanyar abarba, ki ajiye a wuri mai sanyi kamar awa ɗaya, sannan ki dafa duka biyun. Za ki ji bambanci. Gwanda da abarba suna da nasu almakasan masu yanka furotin, shi ya sa ma abarba take yi maki ƙaiƙayi a harshe in kin sha da yawa. Amma kada ki bar naman ya daɗe a ciki, sai ya koma kamar fate. Wannan sirri ne na amare, na ba ku kyauta.

To ƙanwata, ga amsarki a dunƙule, ki rubuta a bayan littafinki. Baki ya tauna. Tumbi ya zuba tsami ya warware, fefsin ya gutsuttsura. Ruwan fankiriyas ya kashe tsami, tirifsin da 'yan uwansa su daddatsa. Bangon ƙaramin hanji ya ƙarasa ya tsotse. Jini ya kai hanta, hanta ta raba. In malam ya tambaya a jarrabawa, labarin ke nan, sunayen kawai za ki mayar da Turanci.

Sannan don Allah gobe ki ɗauki kwanonki ki bi layi. Ki tsince ƙwarin ki ci wakenki. In an zo ziyara ki ce wa Umma ta rage biskit ta ƙaro ƙuliƙuli da soyayyar gyaɗa da garin madara, in da hali da ɗan dambun nama. Ko garin za ki jiƙa, ki watsa masa gyaɗa ko ƙuli. Kasalar nan da zubar gashi kuma kada ki tsaya a kan maganata kaɗai, ki je wurin nas ɗin makaranta a duba jininki, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin 'yan mata masu al'ada, kuma yana da magani. Ita kuma ƙawar taki kada ki yi faɗa da ita, ki ba ta mujallar nan ta karanta, ku tafi ɗakin cin abincin tare. Ina jiran wasiƙarki bayan jarrabawa, ki gaya mani yadda aka ƙare.

A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar ƙarancin jini da shan shayi a kan abinci, domin wasiƙu uku ne suka taru a kansa. Kafin nan a ci gaba da aiko da tambayoyi, a kuma riƙa rubutu da kyau yadda zan iya karantawa.

Ku huta lafiya. Taku har kullum, Antinku.